Shin Turawa Ne Suka Kawo Addinin Kirista Afirka?



A makon jiya lokacin tara, gardama ta ɓarke a bayan ajinmu har ta kusa zama dambe. Wani ɗan'uwanmu ya ce wa abokin zamansa wai addinin Turawa yake bi. Shi kuwa ya rasa amsa, sai idanunsa suka cika da hawaye. Mu 'yan ƙungiyar jarida, Musulminmu da Kiristanmu, mun je mun bincika, kuma muna ganin maganar nan ba daidai ba ce.

Gaskiya ne 'yan mishan sun sauka Badagry a 1842. Amma Afirka ba Najeriya kaɗai ba ce. Tun ƙarni na 1 akwai Kiristoci a birnin Iskandariyya na Masar, kuma jikokinsu Kibɗawa suna nan har gobe. Agustin, ɗaya daga cikin manyan malaman Kirista, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya aka haife shi, a shekarar 354.

Labarin da ya fi burge mu shi ne na Habasha. An kama wani yaro mai suna Furumentiyus a gaɓar Bahar Maliya, aka kai shi fadar Aksum. Ya girma a can, ya zama malamin yarima Ezana. Da Ezana ya hau mulki, ya karɓi addinin Kirista a ƙarni na 4, har ya sa aka buga gicciye a jikin kuɗin ƙasarsa. Wasu daga cikin tsabar nan suna gidajen tarihi yanzu haka. Ku lura, mishan ɗin da Fafaroma ya aika wa sarakunan Ingila bai isa can ba sai a 597, bayan fiye da shekara 200!

Abin mamaki, da yawanmu mun san ƙarshen labarin nan tun a Islamiyya, ba mu dai haɗa shi da wannan ba. Lokacin da Kuraishawa suka matsa wa Musulmi a Makka, wajen shekarar 615, ina Annabi (SAW) ya ce su tafi? Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, sarkin ya yi kuka, ya kuma ƙi miƙa su ga 'yan aiken Makka duk da kyaututtukan da suka kawo. To wane Bature ne ya kai addini wannan fada?

Muna roƙon malamanmu na tarihi, da na darasin addinin Musulunci da na Kirista, su haɗa mu a aji ɗaya ko da sau ɗaya a zangon nan, su ba mu wannan labari tare. Mun riga mun zana taswirar Masar da Habasha, tana manne a ƙasan wannan rubutu. Don Allah kada a yage ta.