Dakta, Binciken Da Ka Kulle A ResearchGate Wa Zai Amfana?

Yau ba maganar sikirin ko batir za mu yi ba, ƙorafi gare ni, amma ku bi ni zuwa ƙarshe akwai dabarar da za ta amfane ku.

Makon jiya wani malamin jami'a ya kawo min wayarsa shagona a nan cikin gari, ta daina caji. Ina gamawa ya kunna, abin da ya fara buɗewa ResearchGate ne. Ya juyo min da wayar yana murmushi: "Ka gani, yau har daga Indiya an karanta takardata." Na ce, "Dakta, a kan me ka rubuta?" Ya ce a kan ruwan Jakara da ake ban ruwan kayan lambu da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, to latas ɗin nan mu ci ko kada mu ci?" Ya yi dariya ya ce in je in karanta. Da daddare na nema, na tarar da take da ɗan taƙaitaccen bayani da Turanci, sauran a kulle, sai ka roƙi mai ita.

Ga wanda bai sani ba, ResearchGate kamar Facebook ne na masu bincike. An kafa shi a 2008, hedikwatarsa tana Berlin a Jamus. Academia.edu ma 2008 ne, daga Amurka. Malami zai buɗe shafi, ya jera takardunsa, shafin yana ƙirga masa mutum nawa suka karanta, mutum nawa suka kafa hujja da shi. To wannan ƙirgen fa shi ya zama abin ado ga wasu malamanmu, yadda 'yan TikTok ke ji da mabiya. Har wani maki aka yi, RG Score, wanda kamfanin da kansa ya soke a 2022.

Fisabilillahi, Jakara ta tsakiyar garinmu ta ratsa, ta gefen Kasuwar Kurmi. An auna ruwanta, an rubuta a kan marinar Ƙofar Mata, an rubuta a kan majemun Sharaɗa da Challawa. Mu aka yi wa tambayoyi, amma amsar tana hannun ɗan Indiya, mai lambun Kwakwaci bai taɓa jin ta ba.

Na san za a ce da yawan takardu ake ƙarin girma, kuma Turanci ake ƙirgawa. Gaskiya ne. Za a ce wasu takardun haƙƙin mallakarsu na mujalla ne, shi ma gaskiya ne, kamfanin Elsevier ya taɓa maka ResearchGate a kotu a 2017 kan haka. Amma wace doka ce ta hana Dakta rubuta layi biyar da Hausa a Facebook, ya ce ga abin da na auna, ga abin da na gano, ga abin da za ku kiyaye? Data ɗin da yake ƙonawa wajen duba ƙirge ta ishe shi.

Ku kuma, kafin malamai su waiwaye mu, ga hanya:

1. Shiga scholar.google.com, rubuta taken binciken. In ka ga PDF a gefe, kyauta ne.
2. In babu, danna "All versions" a ƙasan sakamakon, sau da yawa akwai buɗaɗɗen kwafi a wani wuri.
3. Duba ajol.info, can akwai mujallun Afirka da yawa, har da BAJOPAS ta Jami'ar Bayero.
4. In Academia.edu ya turo maka imel cewa an ambaci sunanka, ka biya ka gani, kada ka yi saurin saka katinka. Galibi mai irin sunanka ne.

In kana da malamin jami'a a gida ko a unguwa, tura masa wannan. Ka tambaye shi cikin ladabi: Dakta, binciken nan naka, da Hausa me ya ce?