Tabon Fursuna da Takardar Ofis

Idan tsohon soja ya je neman hakkinsa a kan raunin da ya samu sa'ad da yake fursunan yaƙi, abu na fari da ofis yakan tambaye shi shi ne takarda. Wane likita ya duba ka? A wace rana? Ina hatiminsa? Tambayar tana da kamannin gaskiya, amma zalunci ne sanye da rigar doka. Gama fursuna ba ya riƙe alƙalami. Wanda ya tsare shi ne yake rubutu, in ya ga dama, wanda ya aike shi yaƙi kuma shi ne yake ajiye abin da aka rubuta. Da wannan tambaya aka yi ta sallamar mazan jiya na Afirka ta Yamma waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi, har shekara fiye da sittin.

A dubi birnin Abijan na ƙasar Kodibuwa. Hausawan Nijar da na Najeriya sun daɗe da zama a can, musamman a Ajame, inda babbar kasuwa da tashoshin mota suke, da kuma Tireshbil, tsohuwar unguwar baƙar fata ta zamanin mulkin mallaka. Har abincin da talakan birnin ya fi ci, wato garin rogo da soyayyen kifi, sunan Bahaushe yake amsawa: garba. A cikin baƙin da suka cika waɗannan unguwanni bayan yaƙi akwai tsofaffin sojoji daga Nijar, da Mali, da ƙasar Mosi, da arewacin Kodibuwa. A bakin tafkin Ebriye, a Tireshbil, akwai tashar jiragen ruwa na kamfanin SOTRA, waɗanda suke ƙetarar da fasinja tun shekarun 1980. Daga tashar ana hangen unguwar Filato (ba Filato ta Jos ba, wannan ta Abijan ce), inda ma'aikatun gwamnati da ofishin jakadancin Faransa suke. Ƙetarawar 'yan mintoci ce. Wanda ba ya son ruwa ma yana iya bi ta gadar da aka buɗe a 1967, wadda take ɗauke da sunan Janar de Gaulle. Tsohon da ya ɗauki takardar koke daga Tireshbil zuwa Filato bai yi tafiya mai nisa ba, amma amsar kokensa tana kwance a birane irin su Pau da Caen da Limoges, can cikin Faransa, inda bai taɓa sa ran zai sa ƙafa ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi waɗannan mutane suka shiga hannun Jamus. A watan Mayu da Yuni na 1940 rundunar Hitila ta murƙushe Faransa cikin mako shida. A cikin waɗanda suka tsaya a gaban wuta har da sojojin da ake kira "Tirailleurs Sénégalais". Sunan Senegal ne kawai a kansu, amma daga dukan ƙasashen da Faransa take mulki a yammacin Afirka aka ɗebo su. Da yawa daga cikinsu ba su ma kai ga zama fursuna ba. A Airaines, ran 7 ga Yuni, Jamusawa suka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, bayan ya miƙa wuya. A Chasselay, kusa da Lyon, ran 19 da 20 ga Yuni, aka ware baƙaƙe daga farare aka karkashe su. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojojin da aka kashe ta wannan hanya sun kai tsakanin 1,500 da 3,000.

Waɗanda suka tsira, Jamus ba ta so su zauna a ƙasarta ba, saboda ƙyamar launin fata da tsoron cututtuka. Sai aka tsare su a cikin Faransa kanta, a sansanonin da ake kira Frontstalag, a garuruwa kamar Rennes da Poitiers da Bayonne. A watan Afrilu na 1941 fursunonin da suka fito daga ƙasashen mulkin mallaka sun kai wajen 69,000, a cikinsu fiye da 15,000 baƙaƙen Afirka ne. Aka sa su saran itace a daji, da aikin gona, da aikin masana'antu, cikin sanyin da jikinsu bai saba da shi ba, da abinci wanda bai isa ba. Tarin fuka ya yi musu ɓarna ƙwarai. Sa'an nan ga abin da ya fi ciwo: daga farkon 1943 gwamnatin Vichy ta yarda ta ba da hafsoshin Faransa su yi gadin waɗannan fursunoni a madadin Jamusawa. Ashe wanda ya kai mutum yaƙi shi ne ya koma mai tsaronsa a kurkuku. In akwai wanda ya san wane ne ya yi tarin jini a wane sansani, wane ne gatari ya sare wa ƙafa, to, Faransa ce.

Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal daga baya, yana cikin waɗannan fursunoni, an kuma sake shi a 1942 bisa dalilin rashin lafiya. Shi malami ne, ya iya Faransanci fiye da masu tsaronsa, ya kuwa rubuta rahoto a kan zaman sansanin. Rahoton ya kwanta a ɗakin ajiyar takardun gwamnati kusan shekara saba'in kafin a gano shi a buga. In haka ta faru da shaidar mai ilimi, ina labarin manomin da aka ɗebo daga Tawa ko Korhogo, wanda bai san harafi ko ɗaya ba?

Ga yadda dokar fanshon rauni ta Faransa take aiki. Sai raunin ya rage wa mutum ƙarfi aƙalla kashi 10 cikin 100, sai kuma an tabbatar cewa aikin soja ne ya jawo shi. Dokar ta yi wa fursunonin yaƙi sauƙi ɗaya: idan likitan hukuma ya ga raunin ko cutar cikin wata shida ko bakwai bayan komowarsu, ba sai sun kawo wata shaida ba, za a ɗauka zaman fursuna ne sanadi. Wannan ya yi wa Bafaranshe daidai, gama shi ya koma garinsu, ga likita, ga magajin gari, ga ƙungiyar tsofaffin fursunoni mai rubuta masa wasiƙa. Shi kuwa ɗan Afirka, bayan an 'yantar da Faransa a 1944, barikin jira aka tara shi, aka zuba shi a jirgi, aka sauke shi a gaɓar teku, daga nan ya kama hanyar ƙauye inda likita mafi kusa yake tafiyar kwanaki. Wata bakwai suka wuce bai ma san ana ƙirga su ba. Da tarin ya tsananta bayan shekara goma, sai ofis ya ce masa lokaci ya ƙure, yanzu shi ne zai kawo hujja.

Akwai kuma abin da ya koya wa mutane su yi shiru. Jirgin ruwa mai suna Circassia ya tashi daga Morlaix ran 5 ga Nuwamba 1944 ɗauke da tsofaffin fursunonin Frontstalag, ya iso Dakar ran 21 ga wata. Aka kai su barikin Thiaroye. Suka ce ba za su watse ba sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Da safiyar 1 ga Disamba sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masana tarihi kuwa suna maganar ɗaruruwa. Aka kuma gurfanar da waɗansu da suka tsira, aka ɗaure mutum 34. Duk tsohon fursunan da ya ji wannan labari ya fahimci abin da neman hakki yake jawowa.

Bayan wannan sai aka zo da babbar ƙulla. Ran 26 ga Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashen Afirka 'yancin kai, majalisar Faransa ta sa wani sashi, na 71, a cikin dokar kasafin kuɗi. Sashin ya daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami mulkin kansu. Yawanci ana tunawa da rabin wannan doka ne kawai, wato kuɗin ya tsaya cik yayin da na Bafaranshe yake hawa kowace shekara. Ɗaya rabin ya fi muni ga mai rauni: an rufe ƙofar sabuwar buƙata, sai fa in gwamnati ta ga dama ta ɗaga ƙafa na ɗan lokaci. Wanda ciwonsa ya ƙaru, ba ƙari. Wanda bai nema ba tun farko, ya makara. Alhali kuwa kowa ya sani ciwon ƙuruciya a tsufa yake tashi.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji biyu, ya kamata a saurare su. Ta fari, suna cewa dukiyar jama'a ba a raba ta bisa baki kawai, in ba haka ba kowane tsoho mai ɗingishi zai ce yaƙi ne. To, amma Faransa da kanta ta nuna cewa ta san fursuna ba ya iya kawo takarda. Ran 18 ga Janairu 1973 ta fitar da doka domin waɗanda aka tsare a waɗansu sansanoni masu tsanani, kamar Rawa-Ruska, da Colditz, da Tambov a Rasha, da sansanonin Indocin, ta tsawaita musu wa'adin tabbatar da cututtuka irin su tarin fuka zuwa shekaru. Ran 31 ga Disamba 1989 ta ƙara wata domin waɗanda Viet Minh ta riƙe aƙalla wata uku. Gaskiya ne, ba kowane fursuna Bafaranshe ne ya shiga wannan jeri ba, sansanonin horo aka zaɓa. Amma ƙa'idar ta tabbata: inda yanayin tsarewa ya hana mutum samun shaida, doka tana iya sassautawa. Babu Frontstalag ko ɗaya a jerin. Wa ya fi rashin hanyar samun shaida, hafsan da ya koma Faris, ko sojan da magatakarda ya rubuta sunansa Mamadu a wannan takarda, Mahamadu a waccan, Mamman a ta uku, aka kuma sa masa "an haife shi wajen 1918"? Har ƙasar haihuwa ma tana rikicewa, gama daga 1932 zuwa 1947 an soke ƙasar Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, aka raba ta tsakanin Kodibuwa da Nijar da Sudan ta Faransa.

Hujja ta biyu ita ce wai rayuwa ta fi araha a Afirka. Mai faɗin haka bai taɓa sayen magani a Abijan ba. Ko da ma hakan ne, fanshon rauni diyyar jiki ce, huhu kuwa ba shi da farashi biyu. Kwamitin Kare Hakkin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗi cewa bambancin nuna wariya ne tun a 1989, a ƙarar da Ibrahima Gueye da tsofaffin sojojin Senegal fiye da 700 suka kai. Faransa ta yi kunnen ƙashi. Babbar kotun mulki ta Faransa ta faɗi haka ita ma ran 30 ga Nuwamba 2001, a ƙarar Saje Amadou Diop, wanda ya riga ya rasu tun 1996. Sai bayan fim ɗin Indigènes ya tā da ƙura a 2006 aka daidaita fanshon rauni daga 1 ga Janairu 2007. Kotun tsarin mulki ta rushe sauran bambancin ran 28 ga Mayu 2010. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: wanda yake da shekara 20 a 1940, shekararsa 87 a 2007. Duk da haka, wani sashi na gyaran ba ya zuwa da kansa, sai mai hakki ya sāke rubuta takarda ya nema cikin wa'adi. Wato an sāke komawa kan takarda.

A lura kuma da waɗanda suka kai waɗannan ƙararraki. Tsofaffi ne da lauyoyinsu. Gwamnatocin Afirka sun iya jera mazan jiya da lambobinsu a ranar bikin 'yancin kai, su yi musu tafi, amma ba su ne suka tsaya a gaban kotu ba. Wannan laifi na gida ne, kada a ɗora wa Bature. Mai karatu a Najeriya ma ya tuna da tsofaffin Bama na unguwarsu, waɗanda suka yi wa Ingila yaƙi, ya tambayi kansa ko wata hukuma ta taɓa rubuta labarin tabon da ke jikinsu.

Yau fursunonin 1940 kusan duka sun kwanta dama, na Indocin ma saura kaɗan. Wani zai ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin akwai gwauraye da 'ya'ya da jikoki, hakkin gwauruwa kuwa yakan rataya ne a kan abin da aka amince wa mijinta. Akwai kuma suna. A 2024, shekara 80 bayan Thiaroye, Faransa ta ba mutum shida daga cikin waɗanda aka kashe matsayin waɗanda suka mutu domin Faransa: huɗu 'yan Senegal, ɗaya ɗan Burkina Faso, ɗaya ɗan Kodibuwa. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Macron ya rubuta kalmar kisan kiyashi a wasiƙarsa zuwa ga shugaban Senegal. Mutum shida ke nan daga cikin waɗanda har yanzu ake gardamar yawansu.

Abin da ya kamata a nema a fili yake. Duk wanda sunansa ya fito a jerin fursunonin Frontstalag, a ɗauka cewa cutar huhu ko raunin da ya komo da shi daga can ya samo shi, in hukuma tana musu ita ta kawo hujja. A kuma kawo takardun kusa da masu su. Fayil ɗin aikin soja yana Pau, na zaman fursuna yana Caen, na asibitin soja yana Limoges, Red Cross kuma tana da katunan fursunoni a Janiba. Iyalin da suke da ɗan littafin soja na kakansu a ƙasan akwati su adana shi, gama lambar da ke ciki da shekarar ɗauka da sunan wurin ɗauka sun fi suna amfani wajen bincike. Amma bai kamata a bar wa gwauruwa a Ajame aikin rubuta wa birane huɗu wasiƙa da Faransanci ba. Senegal ta matsa, a 2014 Shugaba Hollande ya miƙa mata kwafin wani sashi na takardun Thiaroye. Kodibuwa ta karɓi barikin sojan Faransa na Port-Bouët a watan Fabrairu 2025, ta sa masa sunan Janar Ouattara Thomas d'Aquin. Ƙasar da ta iya karɓar bariki tana iya neman kwafin fayil na kowane ɗanta da aka tsare daga 1940 zuwa 1944, ta ajiye a Abijan, Nijar kuma ta nemi nata ta ajiye a Yamai.