Waya Tana Hannunka, Haƙƙinka Yana Hannun Wani



Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutanenmu na Dusuman duk sa'ad da aka ce su zo su koyi aiki da waya da intanet, wai "ai wannan na yara ne, mu mun tsufa." Wasu har sukan ƙara da cewa babbar waya fitina ce, don haka matansu ba za su taɓa ta ba. Ni kuwa ina ganin wannan magana tana cutar da mu fiye da yadda muke zato.

Sanin kowa ne cewa a watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, kuma a watan Afrilu na 2022 aka hana waɗanda ba su haɗa ba yin kira. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, daga 2021 kuma yaro ba ya yin rajista sai da NIN. A wannan shekara ta 2021 hukumar zaɓe, INEC, ta buɗe hanyar fara rajistar katin zaɓe ta intanet. To, ku duba da kyau: NIN da katin zaɓe ba sa tambayar inda aka haifi kakanka kafin a ba ka. Mu da muka sha wahalar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, muna zaune a Jere shekara da shekaru ana ce mana baƙi, ga ƙofa an buɗe wadda ba ta neman wannan takarda, sai kuma mu da kanmu mu tsaya a bakinta muna cewa mun tsufa!

Abin takaici shi ne yadda muke yi. Dattijo mai iyali goma ya ɗauki wayarsa da katin bankinsa ya miƙa wa yaron shagon kwamfuta ko mai POS, ya faɗa masa lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban jama'a. Yaron ya rubuta sunansa yadda ya ga dama, Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan, shekarar haihuwa kuma ta kintace. Ranar da sunayen suka ƙi haɗuwa, banki ya riƙe asusu, sai a shiga zirga-zirgar gyara cikin Maiduguri, a kashe kuɗin Keke NAPEP, a yi asarar yinin gona. Ba na cewa duk yaran nan macuta ne, da yawansu 'ya'yanmu ne masu neman halal. Amma sirrin aljihunka bai kamata ya zauna a kan wani ba.

Kowa ya tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta ɓace. Manomi ya kai shinkafarsa, mai saye ya ce ya tura kuɗi ta waya. Wanda ya iya buɗe asusunsa ya duba da idonsa ya tsira. Wanda bai iya ba, sai dai a nuna masa saƙo ya gyaɗa kai, ko na gaskiya ne ko na bogi. Haka masu bugo waya su ce daga banki suke, a karanto musu lambar da aka turo. Babu bankin da ke neman lambar sirrinka ta waya, amma matar da aka hana ta koyo ina za ta san haka? Ita ce kuma take gida da wayar, ita ce mai adashe da ɗan jarin ƙuli-ƙuli. Hana ta sani bai kare ta daga fitina ba, ya dai sauƙaƙa wa ɓarawo aiki.

Hukuma ma tana da nata laifin. Hukumar NITDA ta ce burinta kashi 95 cikin 100 na 'yan Nijeriya su iya aiki da na'urorin zamani kafin 2030. Madalla. Sai dai horon da ake yi da Turanci a ɗakin taro cikin birni ba zai iso ga manomin Dusuman ko na Zabarmari ba, ga kuma ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati ƙoƙarin kawar da jahilci, har da karatun manya kyauta. A shekarun 1950, da aka yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, da Hausa aka bi mutane har ƙauyukansu. Abin da muke nema ke nan: malami mai jin Hausa da Kanuri, a unguwa, da irin wayar da ke aljihun mutane, da aji na mata wanda mace za ta koyar.

Kafin su zo, mu fara da abin da muke da shi. Ajinmu na manya yana nan. Kowa ya zo da wayarsa, ko ƙarama ce, domin da ita ake danna *346# a ga lambar NIN ba tare da an roƙi kowa ba. Malam, in ba za ka zo ba, to ka bar uwargida ta zo.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya, Dusuman