Sunan Maigida: Kunya a Gida, Bayani a Asibiti



Akwai kalmar da mace za ta shekara arba'in a ɗakin aure ba ta furta ba, wato sunan mijinta. Sai dai ta ce Maigida, ko Malam, ko Alhaji, ko Baban Wance. Idan kunyar ta yi yawa, ta tsaya a kan "shi". In mijin Garba ne, aka yi baƙo Garba, to baƙon ya zama "mai sunan Malam". Shi ma namiji da wuya ya ambaci sunan matarsa a majalisa. Mai ɗakina ce, ko iyalina, ko uwargida.

Kunyar ba ta tsaya kan miji ba. Ta haɗa da surukai da ɗan fari, musamman a gidajen da ke da jinin Fulani, kuma mu nan Tambuwal da Kebbe wa zai ce ba shi da shi? Daga nan muka samu su Abba da Baffa da Ummi da Uwani, yaran da suka ci sunan kakanni, uwa ba ta iya kiransu da sunan yanka. Girmamawa ma tana sauya suna. A ƙasar Sakkwato yaron da aka raɗa wa Usmanu yakan koma Shehu, albarkacin Mujaddadi. Maƙwabcinmu marigayi Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, sunansa na yanka Usman.

Masu kallon fina-finan Indiya sun san ba mu kaɗai ba ne, domin can ma matar gargajiya ba ta kiran sunan miji. 'Yan Hare Krishna, waɗanda suka fito daga cikin Vaishnava, wani reshe na addinin Hindu, sun mayar da abin kamar ƙa'ida: namiji ana ce masa "prabhu", ma'ana ubangida, mace kuwa in ba matarka ba ce sai ka ce mata "mataji", wato uwa. Aƙidarsu daban, tamu daban, amma na gane hikimar. Wadda ka kira uwa, bakinka zai yi nauyin faɗa mata maganar banza.

Mu ma muna da namu. Dattijuwa Inna ce ko Gwaggo ko Hajiya, sa'arka Malama, wadda ba ka sani ba Baiwar Allah. Waɗannan sunaye katanga ce, kuma ina son su. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga saƙon da baƙon namiji ke turo wa 'yan matanmu a WhatsApp, tun ba a gaisa ba an fara da "bebi" da "diya". Ku gaya wa 'ya'yanku, wanda ya tsallake Malama a saƙon farko ya riga ya nuna inda ya dosa. Mu ma'aikatan lafiya ma ba mu tsira ba. Matar da ta haifi kamarka ba a ce mata "ke", ko da layin awo ya kai bakin ƙofa.

To amma ga inda nake roƙon a sassauta.

Ranar awon ciki, tambaya ta biyu bayan sunanki ita ce sunan maigida. Nan za ki ga mace ta ja mayafi ta rufe baki tana murmushi, tana duban 'yar rakiya ta faɗa a madadinta. In akwai 'yar rakiya, da sauƙi. In ta zo ita kaɗai daga Kuchi ko Dogon Daji, sai a yi ta zagaye: "Sunan Manzo gare shi." "Sunan sahabi na biyu." Wata kuma yau ta buɗe kati da A'isha Umaru, wata mai zuwa katin ya ɓace, ta dawo ta ce Indo Malam. Mutum ɗaya, fayil biyu, sakamakon gwajin jininta yana cikin wancan, hawan jinin da aka gani yau yana cikin wannan. A ɗakin haihuwa kuwa ba abin mamaki ba ne a kwantar da A'isha Muhammad biyu a dare ɗaya. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, kuma ba ya jira. Kafin a ɗaura leda sai an tabbatar wannan jinin na wannan matar ne, domin jinin da bai dace da nata ba yana iya halaka ta. Cikakken suna ne ke raba ta da maƙwabciyar gadonta.

Sai maganar waya. Mace ta suma, an kawo ta, ana neman mijinta ya zo a nemi jini ko ya sa hannu a shiga tiyata. Wayar a kulle. In ma an buɗe, babu Garba, babu Maigida, sai "Nurul Ƙalbi" da hoton zuciya ja. Soyayya ba laifi, Allah Ya ƙara danƙo, amma ƙarfe biyun dare ba lokacin kacici-kacici ba ne.

Wasu mata sun ɗauka faɗin sunan miji zunubi ne. Al'ada ce mai kyau, ba hukuncin shari'a ba. Abin da aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana shi ne jifan juna da munanan laƙabi. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, a hadisin da ta ba da labarin farkon aurenta, ta ambaci mijinta Zubairu da sunansa, kuma ba wanda ya ce ta rasa kunya. Ki tambayi malamar Islamiyyarku, za ta ƙara miki bayani.

Idan duk da haka harshe ya ƙi, hannu ya yi aikin. A rubuta cikakken sunanki, da na maigida, da lambarsa, da ta wani ɗan'uwa guda, da boko ko da ajami, a manna a bayan katin awo. Sunan ya zama iri ɗaya da wanda ke kan katin NIN. Haka katin rigakafin yaro da takardar haihuwarsa, a sa sunan yanka, a bar Abba da Ummi a tsakar gida.

Yaran kuma a koya musu. Ɗan shekara huɗu da ya ɓace a kasuwar Tambuwal, in aka tambaye shi sunan babansa, "Baba" zai ce, sunan mamarsa "Inna". In ke ba za ki iya furtawa ba, ki sa gwaggonsa ko yayarsa ta riƙa biya masa sunan uban da na unguwarku har ya zauna masa.