Jini a Bayan Gida: Yadda Kansar Hanji Ke Kaiwa Hanta

Idan kuna zaune a Yauri, Ngaski, Shanga ko wani gari na bakin tafkin Kainji, ganin jini a bayan gida ba baƙon abu ba ne. Masunta da manoman shinkafa kan kamu da tsargiyar hanji, wasu kuma basir ke damunsu. Matsalar ita ce kansar babban hanji da dubura ma da wannan alama take farawa, kuma watannin da ake ɓatawa ana shan maganin basir su ne take samun damar yaɗuwa.

Yawanci cutar tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji. A hankali, cikin shekaru, ƙwayoyin gado da ke tsare girman ƙwayoyin jiki suna lalacewa. APC da TP53 kamar birki suke, idan sun lalace babu mai tsayar da girman. KRAS kuwa kamar totur ne da ya maƙale. Daga nan ƙwayoyin kansar sukan saki maƙwabtansu, su huda bangon hanji, su shiga kaluluwa da jijiyoyin jini. Jinin hanji yana bi ta hanta kafin ya koma zuciya, shi ya sa galibi hanta ce zangonsu na farko, sannan huhu.

Wani bincike da likitocin Ile-Ife suka fitar tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka a 2021 ya nuna cewa majinyatan Najeriya sun fi na Amurka ƙarancin shekaru, kuma cutar ta fi kama su a dubura. Saboda haka kada ku ce sai tsofaffi.

Praziquantel yana kashe tsutsar tsargiya, amma ba ya taɓa kansa. Idan kun sha shi jinin bai tsaya ba, ko bayan gida ya canza na makonni, ko ga rama da ƙarancin jini, ku koma asibiti. Ku yarda likita ya duba dubura da yatsa, ku kuma nemi a tura ku Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na UDUTH a Sakkwato don leƙa hanji da na'ura.

Kansar da ba ta bar hanji ba, tiyata takan warkar da ita. Wadda ta kai hanta, maganinta ya fi tsada da wahala.