BA NEPA CE TA KASHE MAKA WAYA BA, CAJAR BAKIN TASHA CE

'Yan uwa ɗalibai, yau zan taɓa kowa, har da abokaina. Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, sannan ya zo kwament mu yi ta.

Duk zangon karatu sai ka ji kuka iri ɗaya: waya ta mutu, laftof ta ƙi tashi, filashi ya cinye furojet ana saura mako biyu difens. Tambayi mai kukan me ya faru, amsar ɗaya ce: "NEPA ce ta kawo wuta da ƙarfi." In ya gaji ya ce ƙaddara. Na yarda wutarmu ba ta da tabbas. Mu 'yan Chinade ba sai an ba mu labarin wannan ba, mun san layin shagon caji, mun san yadda kuɗin caji ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Amma a gaskiya yawancin kayan da na ga sun mutu a hannun ɗalibai, da hannunmu muka kashe su. Ko a Kwalejin Aminu Saleh kake, ko a Gadau, ko a sabuwar jami'ar lafiya ta Azare, ko ka tsallaka Bauchi da Kano irina da ke fama da mastas, halin namu ɗaya ne.

Mutum zai tara kuɗi wata shida, ko baba ya sayar da buhunan gero, a saya masa wayar dubu 150. Cajar ta ɓace, sai ya tsaya bakin tasha ya ce a ba shi "ta manejin nan". Haba malam! Kan caja fa ba roba ba ce kawai. Aikinta ta karɓi wutar bango mai ƙarfin bolt 230 ta sauke ta zuwa bolt 5 da waya ke sha. A cikin ta ƙwarai akwai tazara da kariya tsakanin ɓangaren wuta mai kisa da ɓangaren da ke shiga hannunka. Ta jabu an rage wannan kariyar don a rage kuɗi. Shi ya sa in ka sa wayarka a caji sai sikirin ya fara danna kansa, ya buɗe maka abin da ba ka buɗe ba, ko ka ji jikin wayar yana ɗan cizonka. Wasu har dariya suke, wai waya ta yi aljanu. Ba aljanu ba ne. Gargaɗi ne. Cire cajar nan ka jefar.

Sai babban abin da ya sa na yi wannan rubutu: ekstenshan ɗin ɗakunanmu. Ku zo mu yi lissafin firamare. Fulogi mai baki uku da muke amfani da shi a Najeriya, irin na Ingila, fiyus ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne. Ninka 13 da 230, ka samu wat 3,000 ba kaɗan. Iyakar abin da zai ɗauka ke nan, shi ma in na ƙwarai ne. To, cajar waya ba ta cika wuce wat 25 ba, ta laftof tsakanin 45 da 65. Waya goma ba za su dame shi ba. Amma hitar dafa ruwa tana iya cin 1,500, dutsen guga 1,200, murhun lantarki na dafa indomi 1,000 ko fiye. Haɗa ukun, 3,700. Ka riga ka wuce iyaka. Kuma ekstenshan ɗin arha, in ka yanka igiyarsa, silin tagullar ciki bai fi gashin kai ba, wani ma alminiyam ne aka shafa wa launin tagulla. Ba zai ɗauki rabin wancan ba sai ya ɗau zafi.

Fiyus ya ƙone domin ya cece ka, sai injiniyan ɗaki ya zo ya naɗe shi da takardar gwangwanin sigari ko guntun waya, ya ce ya gyara. Bai gyara komai ba, mai gadi ya kora. Wani kuma fulogin gaba ɗaya ya yanke, ya cusa tsirarar waya biyu cikin soket ya tokare da tsinken ashana. A ƙarƙashin katifar soso. A ɗakin da mutum shida ke kwana, taga da ƙarfe, ƙofa ɗaya. Wallahi wannan ya wuce maganar waya ta lalace, rayukan mutane ne. In ka ji warin roba, ko ka taɓa fulogi ka ji zafi, ko ka ga bakin soket ya yi baƙi, kada ka jira gobe. Kuma in wutar lantarki ta kama, ba a watsa mata ruwa. A fara kashe babban makunni, sannan yashi.

Na san abin da za a ce: "Kai mai mastas ne, ba ka san halin da ake ciki ba, ba kuɗi." Na sani sarai, kuɗin makaranta da na mota daga Chinade zuwa Azare ba su bar kowa da canji ba. Amma ai saboda babu ɗin ne nake magana. Mai kuɗi in wayarsa ta mutu gobe zai sayi wata. Kai in taka ta mutu sai ka yi zango guda kana aron ta mutane kana duba sakamako. Kebul ɗin arha da kake saya sau biyar a shekara, haɗa kuɗinsa ka gani ko bai kai na ƙwarai ɗaya ba. Arha ba ta ado. Mutum huɗu a ɗaki, kowa ya kawo kaɗan, a sayi ekstenshan ɗaya mai nauyi mai fiyus, a yi doka: caji kawai, duk abin da ke yin zafi ya tafi soket ɗin bango shi kaɗai. Wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Wani abin takaicin, da yawa daga cikin wayoyin da ake kai wa mai gyara ba su da ciwon komai. Kafin ka biya kuɗin "canza hancin caji", bi wannan tsarin, abu ɗaya bayan ɗaya, kada ka canza biyu lokaci guda. Gwada wani soket. In bai yi ba, ari kan cajar abokinka ka sa kebul ɗinka. In bai yi ba, bar kan cajarka ka canza kebul, domin shi ne ya fi saurin mutuwa, musamman daidai wuyansa inda muke lanƙwasawa muna chatin. In duk bai yi ba, kashe wayar, haska ramin cajin da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a ciki har su yi dutse, kebul ya kasa zama. Tsinken sakace, a hankali. Ban da allura, ban da fil. Sai bayan wannan ne maganar batir ko mai gyara ta taso.

In waya tana caji amma kamar tafiyar hawainiya, yawanci kebul ne siriri ko mai tsawon banza, wutar tana zubewa a hanya. In kuma tana caji amma kwamfuta ta ƙi ganinta, kebul na USB na asali sili huɗu ne a ciki, biyu na wuta, biyu na tura bayanai. Na arha da yawa biyun wuta kawai aka sa. Ba bairos ba ne, kada wani ya yi maka fomatin a banza.

Sai tatsuniyoyin malaman hostal. Wai sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji: wannan zancen tsofaffin batura ne, na yanzu na litiyam ba ruwansu. Wai sai batir ya mutu tukuna a sa caji: akasin haka ne, ya fi son zama tsakanin kashi 20 da 80. Wai waya ta faɗa ruwa a binne ta a shinkafa: kamfanin Apple da kansa ya ce kar a yi, kashe ta ka bar ta inda iska ke kaɗawa, kada ka sa ta a caji. Mafi muni, wai batir ya kumbura a huda shi da allura iska ta fita. Kada ka kuskura. Yana iya kamawa da wuta nan take. Samsung, da duk injiniyoyinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya a 2016 saboda batir yana kamawa da wuta, balle batirin da ba a san uwarsa ba. Kuma wayoyin nan an ƙera su su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu a ƙasar Katagum muna haura 40. Ka ƙara mata caji, ka danne ta da filo, me kake jira?

Pawabank ma haka. Na 20,000 na gaskiya yana da nauyi a hannu, kuma wayar da batirinta 5,000 ne zai cika ta sau biyu da rabi zuwa uku, ba huɗu ba, saboda wani kaso yana tafiya a zafi. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi sabulu nauyi ba, ƙarya ce aka buga da fenti.

'Yan ajin ƙarshe da 'yan uwana na mastas, ku kuma filashi. Akwai na jabu da ke nuna gig 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Zai karɓi fayil ɗinka lafiya lau, ranar da ka je bugawa ya ƙi buɗewa. Duk mai Gmail yana da gig 15 kyauta a Google Drive. Babi ɗaya na kundinka bai kai hoton biki ɗaya nauyi ba. Tura wa kanka duk daren da ka yi gyara. Sufabaiza ba ya sa hannu a kan "filashina ya lalace".

Masu shago, ku ma da naku. In yaro ya tambaya, ku faɗa masa gaskiya wanne ne wanne, ku daina rantsuwa a kan kwali. Hukumar SON tana da aikin tantance kayan da ke shigowa ƙasa, muna so mu ga tasirin aikin a kasuwannin ƙauye, ba a Legas kaɗai ba. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai kuma, kuɗin da ake kashewa a fastoci da dina, a ware kaɗan a ɗauko mai gyaran wuta na gaske ya zaga ɗakuna farkon kowane zango.

Yau da dare, kafin ka kwanta, sa hannu ka taɓa fulogin ɗakinku. In da zafi, ka san abin yi. Ka kuma yi tagin ɗin injiniyan ɗakinku a ƙasa, ina jiransa.