ADON TAURARI: Rigar net ta dala 490 da keken ɗinkin Umma

Duk telan da ya daɗe a sana'a ya san wannan fitowar. Saura mako uku biki, sai ga budurwa ta yi sallama, ta zaro waya, ta nuna masa hoton wata jaruma cikin riga mai kumburi kamar hadarin gabas. "Malam, don Allah irin wannan na ke so, sak!" Tela ya dubi hoto, ya dubi 'yan kuɗin da ke hannun ta, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai wannan sai kin ƙaro da yawa." Daga nan fa sai a shiga neman rance, ko a roƙi uwar adashi ta ba da kwasa tun zagaye bai zo ba, ko a tasa saurayi gaba da mita. Duk a kan rigar da ba za a sa ta fiye da sau biyu ba.

To, a wannan watan filin Adon Taurari ya ɗauko ɗaya daga cikin irin waɗannan riguna, zai kwance ta zare-zare, domin a ga inda tsadar ta ke, a kuma ga yadda yarinyar da ke da keke a gida za ta fitar da tata ba tare da ta ci bashi ba.

RIGAR DA TA TADA ƘURA

A shekarar 2019, wata matashiya mai tsara tufafi, Lirika Matoshi, 'yar asalin ƙasar Kosobo da ke sana'ar ta a birnin Niyok na Amurka, ta fito da wata riga ruwan hoda. Da yadin raga mai laushi aka yi ta, wanda Turawa ke kira tul, telolin mu kuma su ce net. Tsawon ta ya wuce gwiwa, hannun ta gajere ne mai kumburi, an yi wa bakin ta tattara, sannan an watsa mata jajayen 'ya'yan sitiroberi masu ƙyalli, ɗan itacen nan da ake nomawa a Jos. Kuɗin ta a lokacin dala 490 ne.

A watan Janairu 2020, Tess Holliday mai tallar tufafi ta sa ta zuwa bikin ba da kyautar mawaƙa ta Grammy. Da lokacin zafin Turai ya kama a wannan shekarar, jama'a na zaune a gida saboda kullen korona, sai hoton rigar ya cika intanet. Masu hali su ka saya. Masu kwaikwayo su ka cika kasuwa da jabun ta. Amma akwai kashi na uku, 'yan matan da su ka kakkaɓe ƙurar keken iyayen su, su ka sayi net, su ka ɗinka abin su da hannun su. Waɗannan su ne abin koyi a nan.

Ba yau net ya fara rikita masu kallo ba. A fim ɗin Rear Window na 1954, wanda Alfred Hitchcock ya ba da umarni, Grace Kelly ta fito da riga mai baƙin sama da farin ƙasa mai faɗi, ɗinkin Edith Head. A 2018 kuma Jodie Comer ta fito a shirin Killing Eve cikin wata ƙatuwar rigar net ruwan hoda ta Molly Goddard, 'yar Landan, har maganar rigar ta so ta danne maganar shirin. Amma labarin da ya fi daɗi shi ne na farin siket ɗin da Sarah Jessica Parker ta sa a buɗewar wani dogon shirin talbijin na Amurka da aka fara a 1998. Mai kula da suturar shirin, Patricia Field, a cikin tulin kayan rangwame ta tsinto shi, dala 5 kacal. A watan Janairu 2024 aka yi gwanjon siket ɗin a kan dala 52,000. Yadi dai bai canza ba, suna ne ya hau kan sa.

INA TSADAR TA KE?

Sunan tul ya samo asali ne daga garin Tulle na ƙasar Faransa. A da can da hannu ake saƙa irin wannan raga, sai masu hannu da shuni. Bayan da John Heathcoat ya ƙera injin saƙa ta a Ingila wajejen 1809, sai ta fara sauka. Yau mafi yawan net na kasuwa da zaren roba ake yin sa, kuma ya na cikin yadi masu sauƙin kuɗi a kowace rumfa.

Ke nan abin da ake biya a rigar manyan masu tsara tufafi abu uku ne: suna, yawan yadi, da kuma awowin da aka ɓata ana tattara ana ɗaura ado da hannu. Suna dai ba a ɗinka shi a gida. Amma yawan yadi da haƙurin zama, wannan kowa na iyawa. Hausawa na cewa araha ba ta ado. A kan net dai, ta na yi, in an haɗa ta da haƙuri.

SHIGA KASUWA DA LISSAFI

Kafin a taka Kantin Kwari, ko duk kasuwar da ta fi kusa, a fara ɗaukar tef a gida. Ƙa'idar ita ce, kowane falle na siket ya ninka faɗin ƙugu sau uku. Mai ƙugu inci 30 ta na buƙatar inci 90, wato yadi biyu da rabi, a kowane falle. Falle uku sun ishi riga ta tashi, sun zama yadi bakwai da rabi. A ƙara yadi biyu da rabi na hannu, saman riga da tattarar baki. Yadi 10 ke nan, in faɗin net ɗin inci 54 ne ko 60. In aka yi sa'a aka samu mai faɗin inci 108, sai a ninka shi biyu: yadi biyar zai ba da falle huɗu.

Net iri biyu ne, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Akwai mai tauri, wanda ake cusawa a ƙarƙashin rigar amarya don ta buɗe. Wannan ya na ƙaiƙayi, ya na kartar fata, kuma zai mai da mutum kamar lema. Mai laushi ake nema. A damƙe shi a tafin hannu a saki, a goga shi a wuya. In ya zubo kamar ruwa kuma bai sosa ba, shi ne.

Sai shafi, wato yadin ciki. Wallahi a nan ya kamata kuɗin su tafi. Rigar zafi ce, kuma zafin Turai wasa ne a kan bazarar Sakkwato ko Maiduguri. Duk wadda ta haɗa net na roba da shafi na roba mai santsi, to ta ɗinka wa kan ta tanda. A nemi yadin auduga mara nauyi, yadi huɗu, launin sa ya yi daidai da net ɗin ko ya ɗan fi shi duhu.

Hanyoyin rage kuɗi su na da yawa. A tambayi farashi a rumfa uku kafin a ciro jaka. A nemi ƙarshen bandir, 'yan kasuwa kan sassauta a kan sa. Ƙawaye biyu ko uku su haɗa kuɗi su saya tare. A leƙa wajen 'yan gwanjo, kamar Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, domin tsohuwar rigar amarya guda na iya ba da net mai yawa. Wadda kuma ke da doguwar rigar auduga da ta zauna mata daidai, ta huta: ita ce shafin, net kawai za a ɗora.

ZAMA KAN KEKE

Tsohon keken Butterfly ko Singer na Umma ya wadatar, ɗinki miƙaƙƙe kawai ake buƙata. A canza allura zuwa siririya sabuwa, lamba 9 ko 11, domin mai kauri ko dakusasshiya za ta riƙa jan ragar.

A fara da shafi. A shimfiɗa wata riga da ta dace da jiki a kan takarda, a zana saman ta, a bar inci ɗaya na ɗinki. A nan ne za a gyara abin da bai dace ba. Wuyan rigar Matoshi ya zurfafa sosai, hannun gajere ne. Sai a ɗaga wuya, a kai hannu har wuyan hannu, a sauke tsawo zuwa idon sawu. Net ba ya rufe komai, don haka duk inda ake son sutura, shafi ya kai wurin. A ɗora falle ɗaya ko biyu na net a kan kowane yanki na saman rigar, a ɗinke su tare kamar yadi guda.

Yankan net sai da dabara, don ya na zamewa. A ninka shi, a danne da kwanoni ko littattafai, a yanka da almakashi mai kaifi. Fil na yau da kullum zubewa ya ke yi ta cikin ramukan, gara fil mai makulli ko abin maƙale gashi. Albishir ɗaya: net ba ya zarewa, saboda haka ba ya buƙatar kalmasa. Yankan dai ya miƙe, don shi ne bakin rigar.

Tattara ita ce ran aikin. A saita keke a kan ɗinki mafi tsawo, a yi layi biyu a saman kowane falle, kusa da juna, ba tare da an ƙulle ƙarshe ba. A kama zaren ƙasa guda biyu a ja a hankali, ana baza tattarar da yatsa, har faɗin ya dawo daidai ƙugu. Layi biyu ake yi domin in ɗaya ya tsinke, ɗayan ya riƙe. Kowane falle a tattara shi shi kaɗai, sannan a jera su a ɗinke. Mai son ta haɗa uku ta ja lokaci guda don ta gama da wuri, za ta gane sauri ya haifi nawa. In keke ya fara haɗiye ragar, a sa siririyar takarda a ƙarƙashi a ɗinka tare, daga baya a yage ta.

Zif a jikin shafi da saman riga ake ɗinka shi, a bar fallayen siket su sauka a kan sa a sake. Mai jin tsoron zif ta sa roba a bayan ƙugu, ta ɗaura siririn ɗamara.

ADON DA ZAI ZAMA NA MAI SHI

Ga inda ake bambanta mai basira da mai kwafa. Ɗaukar salo daga wajen gwani ba laifi ba ne, haka sana'ar ta gada. Amma kwafe aikin mutum sak, a liƙa sunan sa a sayar, cin guminsa ne, kuma 'yan fim da 'yan kwafin kaset da faifai su ka daɗe su na gasa wa aya a hannu sun fi kowa sanin zafin wannan.

Kuma ma, wa ya ce dole sai sitiroberi? Kowane shagon tela na da buhun ƙyallaye da ake zubarwa. A roƙo, a yanko furannin atamfa ko na leshi, a ɗaura su da allura da zare a kan fallen sama kaɗai. Gam ya kan bushe ya ɓalle a wanki. A sa rigar a jikin ƙanwa ko a rataye ta, a maƙala furannin da fil tukuna, a ja da baya a duba. Su yi yawa a ƙasa, su riƙa raguwa zuwa ƙugu. Talatin zuwa arba'in sun isa. Aikin dare uku ne ko huɗu, ana yi ana kallon fim.

GARGAƊI BIYU

Na farko, guga. Dutsen guga mai zafi na taɓa net zai narke, ramin kuma ba ya ɗinkuwa. Na gawayi kam kada ma a kusanto da shi. A yayyafa ruwa a rataye rigar ta kwana, za ta miƙe da kan ta. Wanki da hannu, da ruwan sanyi, ba murza ba matsa.

Na biyu ya fi girma. Yadin roba in ya haɗu da wuta narkewa ya ke yi ya manne a fata, ga shi rigar ta na da faɗi, mai ita ba ta ganin inda bakin ta ya kai. Ba a shiga kicin da ita, ba a tsayawa kusa da murhu, risho, kyandir ko kaskon turaren wuta. Gidan biki kuwa cike ya ke da waɗannan. In za a turara riga, a turara ta a rataye, nesa da garwashi, kafin a sa. Wannan gargaɗin har da ƙananan yara da ake yi wa irin ɗinkin da Sallah.

Ranar biki, ba wanda zai ɗaga wuyan riga ya duba sunan kamfani. Abin da za a gani shi ne yadda ta zauna da yadda ta ke lilo in an taka. In wata ta matso ta ce, "Ƙawata, wane tela ne ya yi miki wannan?" amsar ta fi dala 490 daɗi a baki. Ga kuma kuɗin adashi na nan ba a taɓa ba, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.